Yadda ma'aikaci zai karanta al'amuran yau da kullum kafin jarabawar ƙarin girma

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni ma'aikaci ne a ɗaya daga cikin ma'aikatun da ke Sakatariyar Audu Bako a nan Kano, ina mataki na 9, kuma ina shirin zama jarabawar ƙarin girma. Dokokin aikin gwamnati da ƙa'idojin kuɗi ba su cika ba ni wahala ba, tunda littafi ne a hannu, amma ɓangaren al'amuran yau da kullum ya sha mini kai. Na sayi ƙananan littattafan tambaya da amsa da ake sayarwa a bakin ƙofa, na haddace sunaye da shekaru, sai dai bayan kwana biyu duk su zube. Me ya kamata in karanta game da manufofin gwamnati da muhalli da zamantakewa, kuma ta wace hanya?

Amsa: Ƙanena, Allah ya sa a yi a sa'a. Abin da ke sa haddar nan take zubewa shi ne kana ɗaukar kowane labari shi kaɗai, suna daban, shekara daban, ba ka ɗaure shi da komai ba. Dalilin da ya sa ake tambayar ma'aikaci al'amuran yau da kullum shi ne a ga ko ya san ƙasar da yake yi wa aiki, ta yadda idan fayil ya iso teburinsa zai gane wace doka ce ta shafi maganar, wace hukuma ce alhakin ya rataya a wuyanta, daga wane asusu kuɗin zai fito, kuma su wa abin zai taɓa a cikin gari. Duk labarin da ka bi shi da waɗannan tambayoyi, sunaye da shekarun da ke cikinsa za su zauna maka da kansu, domin kowanne ya sami abin jingina. Kuma ina ba ka shawara ka faro daga Kano ka fita waje, maimakon ka faro daga tarukan duniya sannan ka riƙa neman hanyar dawowa gida.

Littattafan bakin ƙofa kada ka jefar da su, domin suna nuna maka salon tambaya, amma kada ka amince da amsoshinsu sai ka bincika. Da yawansu tsofaffin bugu ne da ake sake wa bango, shi ya sa kana iya tarar da an rubuta mafi ƙarancin albashi naira 30,000, wanda na 2019 ne, alhali tun Yulin 2024 dokar ƙasa ta mai da shi naira 70,000, gwamnatin Kano kuma ta amince da naira 71,000 a Oktoban shekarar. Taken ƙasa ma an canja shi a Mayun 2024, aka koma wa na lokacin samun 'yanci.

Abu na farko da za ka riƙe shi ne kundin tsarin mulki na 1999, kuma ba dukkansa nake nufi ba. Ka karanta babi na biyu, wanda ya shimfiɗa manufofin da ake so kowace gwamnati ta bi: sashe na 14 ya ce tsaro da walwalar jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati, ya kuma yi maganar daidaita rabon muƙamai tsakanin sassan ƙasa, sashe na 18 ya yi maganar ilimi, sashe na 20 ya ɗora wa gwamnati kare muhalli, wato ruwa da iska da ƙasa da daji da namun dawa. Sai ka koma sashe na 6, inda za ka ga cewa ba a iya kai gwamnati kotu kai tsaye a kan ta gaza cika abin da ke babi na biyu. Nan ne za ka gane dalilin da ya sa ake yin dokoki na musamman a kan ilimi da lafiya da muhalli, domin sai majalisa ta yi doka sannan manufar take samun haƙora. Daga nan ka buɗe jadawali na biyu, ka ga abubuwan da gwamnatin tarayya kaɗai ke da iko a kansu, irin su tsaro da kuɗi da ma'adinai, da waɗanda take tarayya da jihohi a cikinsu, sannan jadawali na huɗu da ya lissafa ayyukan ƙananan hukumomi, ciki har da kasuwanni da tashoshin mota da maƙabartu da kwashe shara. Gyaran da aka yi wa kundin a Maris na 2023 ya ba jihohi damar shiga harkar jirgin ƙasa da gidajen gyaran hali, ya kuma faɗaɗa ikonsu a kan wutar lantarki har a wuraren da babban layin ƙasa ya kai, abin da dokar lantarki ta Yunin 2023 ta zo ta fayyace. Rabin tambayoyin da ake yi a kan manufofi, idan ka tono su, tambaya ce a kan wane mataki na gwamnati ke da hurumi.

A ɓangaren muhalli zan fi daɗewa, domin nan ne na ga ma'aikatanmu sun fi rauni, kuma nan ne Kano ta fi ba ka abin misali. Ɗauki ambaliyar cikin birni. A Agustan 2022 ruwan sama ya shiga kasuwar Kantin Kwari ya lalata dukiya mai yawa, 'yan kasuwa da dama kuma suka danganta abin da gine-ginen da aka yi a kan hanyar ruwa. Wanda ya haddace wannan kawai ya sami layi ɗaya. Wanda ya bi dalili kuwa zai ce tsohon birni cike yake da kududdufai, waɗanda asalinsu ramuka ne da aka haƙi ƙasar gina gidaje da ganuwa, kuma su ne suke riƙe ruwan damina kafin ya gangara Jakara; an cike da yawansu an yanka filaye an yi gini, an shafe tsakar gidaje da siminti ta yadda ƙasa ba ta shan ruwa, magudanan da suka rage kuma leda da shara sun toshe su. Ruwa ba ya manta hanyarsa, don haka idan ya tarar da shago a kanta, ta cikin shagon zai bi. Sai ka zo kan alhaki. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birni a hannun gwamna. Hukumar tsara birane ta KNUPDA ce ke ba da izinin gini, ita ce kuma ke da ikon hana shi. Kwashe shara a kundin tsarin mulki aikin ƙaramar hukuma ne, amma a cikin birnin Kano hukumar REMASAB ta jiha ce ke ɗauke da mafi yawansa. Hukumar hasashen yanayi ta NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon shekara, hukumar NIHSA mai lura da yanayin ruwan koguna tana fitar da jerin wuraren da ake fargabar ambaliya, idan kuma ɓarna ta auku sai hukumar NEMA ta tarayya, wadda aka kafa a 1999, da takwararta SEMA ta jiha su shigo da agaji. Kuɗin irin wannan aiki akwai asusun kula da muhalli da aka ƙirƙiro a 1981, wanda ake cire masa kaso daga asusun tarayya. Amsa mai kyau za ta raba abu biyu, wato abin da sauyin yanayi ya jawo na ruwa mai ƙarfi da ke zuba cikin ɗan lokaci, da abin da sakacin aiwatar da doka ya jawo. A ganina na biyun ya fi yawa a ambaliyar birninmu, kuma shi ne wanda ma'aikaci ke da hannu wajen gyara shi.

Na taɓa zama a kwamitin tantance ma'aikata inda wani matashi mai ƙoƙari ya jero mana tarukan sauyin yanayi na duniya daki-daki, na Gilasgo a 2021, na Masar a 2022, na Dubai a 2023, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Sai ɗaya daga cikinmu ya nuna taga ya tambaye shi, idan lambatun da ke bakin ofis ya toshe har ruwa ya fara shiga ɗakin ajiye fayiloli, wa zai rubuta wa takarda, kuma ta hannun wa za ta bi. Yaron ya yi shiru yana murza hularsa a kan gwiwa. Abin ya dame ni ƙwarai, domin ba ƙwaƙwalwa ya rasa ba, ba a taɓa nuna masa cewa karatun nan da aikin da yake zuwa kullum abu ɗaya ne ba.

Idan aka faɗaɗa tambayar zuwa ƙasa baki ɗaya, ka san cewa ambaliya iri-iri ce. Akwai ta manyan koguna, irin ta 2012 da ta 2022, lokacin da Neja da Binuwai suka cika suka batse, ga kuma ruwan da ake saki daga madatsar Lagdo ta Kamaru. A ta 2022 mutum sama da 600 suka rasu, fiye da miliyan ɗaya suka rasa matsuguni. Akwai ta fashewar madatsar ruwa, irin ta Alau da ta mamaye Maiduguri a Satumban 2024, mu ma a nan mun ga ta Bagauda a 1988. Akwai kuma ta ruwan sama mai zuwa bagatatan, irin wadda ta halaka jama'a a Mokwa ta jihar Neja a Mayun 2025. Maganin kowacce daban ne: ta farko tana son gargaɗi da wuri da kwashe mutane daga bakin kogi, ta biyu tana son duba lafiyar madatsu da kuɗin gyara a kasafi, ta uku tana son magudanai da hana gini a kwari.

Maganar madatsu kuwa tana da zurfi, kuma duk ɗan Kano da zai zauna jarabawa ya kamata ya iya zana ta a takarda. An kammala madatsar Tiga a kan kogin Kano a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka kammala ta Challawa da ke Ƙaraye a 1992. Ruwan Tiga ne ke ciyar da noman rani na Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, inda shinkafa da tumatir da alkama suke fitowa, kuma hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are, mai hedikwata a nan Kano, ita ke kula da shi. Kogunan Kano da Challawa suna haɗuwa su zama kogin Haɗeja, ya ratsa Wudil ya shiga Jigawa, ya bazu a fadamun Haɗeja da Nguru, daga can ya zama kogin Yobe ya nufi Tafkin Chadi. Kafin a yi madatsun, ruwa yana zuwa da ƙarfi da damina ya shimfiɗa a fadama, ya janye da rani, manoma da masunta da makiyaya kowa ya san lokacinsa. Da aka tare shi aka riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan duk shekara, sai ambaliyar da fadama ke rayuwa da ita ta ragu, ciyawar kacalla kuma ta sami ruwan da ba ya ƙafewa ta toshe hanyoyi, har ruwan ya riƙa kauce wa inda ake bukatarsa yana cin gonaki da gidaje a inda ba a so. Ka ga ke nan aiki ɗaya ya azurta wani yanki ya takura wa wani, kuma wannan ne dalilin da ya sa kundin tsarin mulki ya bar ruwan da ya shafi jiha fiye da ɗaya a hannun tarayya. Tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960, ya ragu da kusan kashi 90 cikin 100 bayan farin shekarun 1970 da 1980. Hukumar ƙasashen da ke kewaye da shi an kafa ta tun 1964.

Gurɓatar ruwa ma tarihinta gajere ne idan ka riƙe shi a jere. A 1988 aka gano an jibge guba daga Italiya a garin Koko, wanda yanzu ke jihar Delta, wannan abin kunya ne ya sa aka kafa hukumar kare muhalli ta tarayya a shekarar. A 1992 aka yi dokar da ta wajabta auna illar kowane babban aiki ga muhalli kafin a fara shi, a 1999 aka kafa Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya, a 2007 aka kafa hukumar NESREA domin tilasta bin ƙa'idoji. To ina waɗannan dokoki suke taɓa mu? Ruwan masana'antun Bompai yana bin rafin Getsi ya haɗu da Jakara ya tafi madatsar Wasai a Minjibir, na Sharaɗa kuma yana bin Salanta ya faɗa kogin Challawa, kuma ruwan majemu yana ɗauke da sinadarin kuromiyom da ake jima da shi. A bakin waɗannan rafuka ne masu lambu suke shuka latas da alayyafo da kabeji da ake kawowa kasuwa. Fatar Kano sana'a ce mai tarihi da ke ciyar da dubban gidaje, don haka amsar da za ta ce a rufe majemu amsa ce ta wanda bai yi tunani ba. Abin da ake so ka ambata shi ne tace ruwa kafin a sake shi, da sa ido na gaskiya, da hukunta wanda ya ƙi. Haka nan ruwan sha. Duk da matatun Tamburawa da Challawa da Watari, a unguwanni da yawa kurar ɗan ga-ruwa ce famfo, ka gan shi da sassafe ya jera jarkoki yana turawa daga rijiyar burtsatse, magidanci kuma yana lissafin kuɗin ruwa kamar yadda yake lissafin cefane. Idan aka tambaye ka muradi na 6, wato na ruwan sha da tsafta, cikin muradun ci gaba mai ɗorewa 17 da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015 da nufin cimma su a 2030, wannan kurar ce amsarka.

Kwararowar hamada ba sai na tsawaita ba, domin ita kowa ya fi haddacewa. Tarayyar Afirka ta amince da shirin katangar bishiyoyi a 2007, mai tsawon kusan kilomita 8,000 daga Senegal zuwa Jibuti, Najeriya ta kafa hukumarsa a 2015, Kano kuma tana cikin jihohi 11 da ke bakin gaba. Akwai shirin farfaɗo da ƙasar da ta lalace, wato ACReSAL, na Bankin Duniya mai dala miliyan 700 a jihohin Arewa 19 da Abuja. Najeriya ta shiga yarjejeniyar Paris ta 2015 a kan sauyin yanayi, ta yi dokar sauyin yanayi a Nuwamban 2021, ta kuma yi alkawarin daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda ake zuƙewa nan da 2060. Abin da ba a cika haɗawa da wannan ba shi ne murhu. Duk lokacin da gas da kananzir suka yi tsada, gidaje suna komawa gawayi da itace, kuma buhunan gawayin da kake gani a bakin titi bishiyoyi ne da aka sare a wani daji. Dashen itatuwa ba zai cim ma sara ba muddin matar gida ba ta da abin girki mai sauƙi, kuma ta nan maganar muhalli take shiga maganar kuɗi.

A ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya bayyana a jawabin rantsuwa cewa tallafin mai ya ƙare. Kada ka tsaya a nan. Dokar man fetur ta Agustan 2021 ta riga ta tanadi barin kasuwa ta yanke farashi, kasafin 2023 kuma bai ware kuɗin tallafi ba sai na rabin shekara. An taɓa gwadawa a Janairun 2012, lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141, zanga-zanga ta sa aka sauko da ita 97. A wannan karon lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024. A Yunin 2023 Babban Banki ya haɗe kasuwannin canji ya bar naira ta nemi darajarta, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati zuwa sama da 1,500 a 2024. Hujjar gwamnati ita ce tallafin yana cinye kuɗin da ya kamata a yi aiki da su, ana kuma fasa-ƙwaurin man zuwa maƙwabta. Abin da talaka ya gani shi ne kuɗin adaidaita sahu ya ninka, kwanon masara da gero a Dawanau ya yi tashin da ba a saba gani ba. Duka biyun gaskiya ne, kuma amsar da ta kawo ɗaya ta bar ɗaya gurguwa ce. Sai ka bi kuɗin: abin da ake rabawa duk wata daga asusun tarayya ya ƙaru a lissafin naira, kuma tsarin rabon shi ne kashi 52.68 cikin 100 na tarayya, 26.72 na jihohi, 20.60 na ƙananan hukumomi 774, bayan an cire kashi 13 na jihohin da ake haƙo ma'adinin. Tambayar da ta dace da ma'aikacin jiha ita ce ina ƙarin ya tafi. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ta kuma haramta shugabannin riƙo da ba zaɓaɓɓu ba. Ga jiha mai ƙananan hukumomi 44, wadda albashin malaman firamare da ma'aikatan lafiya na matakin farko ke fita daga wannan kaso, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Akwai tarko ɗaya a maganar hauhawar farashi da nake so ka kiyaye. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ba da kashi 34.80 cikin 100 a Disamban 2024, sai ta ba da 24.48 a Janairun 2025. Kaya ba su yi arha a wata ɗaya ba. Hukumar ce ta sabunta ma'auninta, ta mai da shekarar kwatanci daga 2009 zuwa 2024, ta sake nauyin kayayyakin da take aunawa. Ko da kuwa alƙaluman sun ci gaba da sauka, ma'anarsa farashi yana tashi a hankali, kamar motar da ta rage gudu amma ba ta juya baya ba. Game da haraji, ka san cewa an sa hannu a dokoki huɗu na gyaran haraji a ranar 26 ga Yuni, 2025, aka tsara su fara aiki a Janairun 2026, hukumar tara haraji ta tarayya ta sami sabon suna da sabon hurumi, harajin kayayyaki na VAT kuma ya tsaya a kashi 7.5 da yake tun 2020, bayan doguwar muhawara da gwamnonin Arewa suka yi a kan yadda za a raba shi.

A zamantakewa, ilimi ne kan gaba a Kano. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara tara kyauta, ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya ga hukumar UBEC mai kula da ilimin matakin farko, amma jiha ba ta karɓar kasonta sai ta ajiye nata daidai da shi, shi ya sa kake jin kuɗi suna kwance a Abuja alhali yara suna zaune a ƙasa. Kano ta ayyana ilimi kyauta kuma dole a 2019, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Yunin 2024, tarayya kuma ta kafa hukumar kula da almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta a 2023. Idan aka tambaye ka yawan waɗannan yara, ka faɗi adadi tare da wanda ya ba da shi, domin UNICEF ta daɗe tana cewa miliyan 10.5, UNESCO kuma ta ce kimanin miliyan 20 a 2022, bambancin ya zo ne daga shekarun yaran da kowa ya ƙirga. Idan kuma maganar almajiranci ta taso, ka raba karatun Alƙur'ani, wanda gado ne mai daraja, da barin yaro ɗan shekara bakwai yana yawo da kwano ba mai kula da cinsa da lafiyarsa. Wanda ya cakuɗa su, ko dai ya zagi abin da bai kamata ba, ko ya kare abin da ba ya karuwa.

A lafiya, ka haɗa labarin shan inna da na mashaƙo. A 2003 an dakatar da rigakafin shan inna a Kano saboda zargi, cutar ta bazu, sai da aka jawo sarakuna da malamai cikin aikin sannan aka ci nasara, har aka tabbatar da Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji a Agustan 2020. Daga ƙarshen 2022 kuma mashaƙo ya ɓarke, Kano ce ta fi kowace jiha yawan masu kamuwa, mafi yawansu yaran da ba su sami rigakafin yau da kullum ba. Ka san dokar lafiya ta 2014 da ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 domin asibitocin matakin farko, da dokar Kano ta 2024 da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure. Sannan ka tuna cewa duk waɗannan tsare-tsare ana yin su ne a kan ƙiyasi, domin rabon Najeriya da ƙidayar jama'a tun 2006, lokacin da aka ce ƙasar tana da mutum miliyan 140, Kano kuma miliyan 9.4; wadda aka shirya yi a 2023 an ɗage ta. Rahoton Hukumar Ƙididdiga na 2022 ya ce mutum miliyan 133, wato kashi 63 cikin 100, suna cikin talaucin da ake aunawa da ilimi da lafiya da yanayin zama, ba da kuɗin shiga kaɗai ba.

Harkokin waje ka ɗauki abin da ya taɓa kasuwarmu. Juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023, da rufe iyaka da ya biyo baya sun girgiza fataucin Kano da Maraɗi, ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS kuma ta tabbata a Janairun 2025. Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano su ma suna yawan fitowa a tambaya.

Yadda za ka yi karatun kuwa, ka sami littafin rubutu guda, ka ba kowace magana shafi ɗaya, ka rubuta abin da ya faru da dokar da hukumar da kuɗin da waɗanda abin ya shafa, ka bar ƙasan shafin domin abin da za ka ba da shawara da an tambaye ka a ofis. Ka rubuta da Turanci, tunda da shi za a yi jarabawar, ko da kuwa da Hausa ka ji labarin. Rediyo yana da amfani wajen sanin abin da ke faruwa, amma ka bambanta labarai da shirye-shiryen sojojin baka, domin na biyun ra'ayi ne da adawa, ba a kafa hujja da su a takardar jarabawa. Jawabin kasafin kuɗin gwamna da takardun sanarwa da ke fitowa daga ofishin Shugaban Ma'aikata sun fi kowane ɗan littafi daraja, kuma suna nan a ofishinku ba mai karantawa. Idan gida da hayaniya, ɗakin karatu na Murtala Muhammad yana nan. Ka nemi abokan aiki biyu ko uku daga ma'aikatu daban-daban ku riƙa zama bayan la'asar, na ma'aikatar muhalli ya yi bayanin nasa, na kuɗi ya yi nasa, kowa ya sha tambaya.

Idan aka zo tattaunawar baki aka ce mene ne ra'ayinka a kan cire tallafi ko wata manufa mai zafi, kada ka yi yabon fada, kada kuma ka yi jawabin ɗan adawa, domin dokar aiki ta hana ma'aikaci nuna ɓangaranci na siyasa. Ka faɗi abin da aka yi niyya, ka faɗi abin da ya biyo baya da alƙaluman da ka tabbatar, ka kawo gyara ɗaya ko biyu da ofis irin naka zai iya aiwatarwa. Adadin da ba ka tabbatar ba kada ka ambace shi, gara ka ce kimanin kaza. Sunayen masu riƙe da muƙamai kuma, irin su ministoci da kwamishinoni da Shugaban Ma'aikata da shugabannin majalisa da na hukumomi, ka bar su sai satin jarabawa sannan ka tabbatar da su ɗaya bayan ɗaya, domin su ne suka fi saurin canjawa.